Sauya distibutar tsohuwar mota zuwa tsarin laturoni

Sauya distibuta zuwa tsarin laturoni gyara ne da ake yi wa tsofaffin motoci masu shan fetur, inda ake cire kwantak da kwandensa daga cikin distibuta, a maye gurbinsu da sensa da wani ɗan akwatin laturoni da ake kira modul. Aikin kwantak shi ne katse wutar da ke shiga koyil a daidai lokacin da ake son tartsatsi ya tashi a bakin fulogi. Bayan an yi sauyin, tiransista ce ke katse wutar, ita kuwa ba ta da wani sashe mai gogayya da zai cinye. Sauran kayan distibutar, wato sandarta da roto da murfi da na'urorin da ke gaggauto tartsatsi, suna nan yadda suke.

A Turai da Amurka, masu ajiye tsofaffin motoci don sha'awa ne suka fi yin wannan gyara. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar kuwa, motocin da abin ya shafa galibi na neman abinci ne: Peugeot 404 da 504, waɗanda ake kira Fijo, da tsofaffin Land Rover da a-kori-kura, irin waɗanda suka daɗe suna jigilar mutane da kaya tsakanin Katsina da Jibiya da Maraɗi, da garuruwan kan iyaka kamar Farfaru da Magama.

## Sunaye

Kusan duk sunayen kayan nan na aro ne, kuma iyakar Najeriya da Nijar ta raba su gida biyu. A ɓangaren Najeriya daga Ingilishi aka aro su: distibuta, koyil, kwandensa, kwantak, fulogi. Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, kuma ba ta da p a matsayin harafi mai zaman kansa, don haka aka cusa wasali tsakanin baƙaƙen, p ta koma f, aka sami fulogi da fistin. A Nijar daga Faransanci aka aro, shi ya sa a garejin Maraɗi fulogi buji ne, koyil bobin ne, distibuta kuma delko. Wannan na ƙarshe asalinsa sunan kamfani ne, Delco na Amurka, wanda Faransawa suka mai da shi sunan na'urar gaba ɗaya, kamar yadda omo ya zama sunan kowane garin sabulu a wurin Hausawa. Mai neman kayan gyara a kan iyaka yana buƙatar sunayen duka biyu.

Wasu kan ce "distibutar lantarki" idan suna nufin sabon tsarin. Wannan suna yana iya rikita mai karatu, domin tsohon tsarin ma da lantarki yake aiki. Bambancin yana kan abin da ke katse wutar ne: ƙarfe mai motsi ko tiransista. Shi ya sa aka zaɓi kalmar laturoni a wannan maƙala.

## Yadda tsohon tsarin yake aiki

Batirin mota bolt 12 ne, amma tartsatsi ba ya tsallaka bakin fulogi a cikin silinda mai matsi sai da dubban bolt, galibi 10,000 zuwa 20,000. Koyil ne ke yin wannan ninki. A cikinsa akwai naɗin waya biyu a kan ƙarfe guda. Na farko waya ce mai kauri, zagaye ɗari biyu zuwa uku. Na biyu siririya ce ƙwarai, zagaye wajen 20,000. Idan wuta tana bi ta naɗi na farko, ƙarfen yakan zama maganaɗisu. Da zarar an katse wutar farat ɗaya, ƙarfin maganaɗisun ya rushe, sai wuta mai tsananin ƙarfi ta taso a naɗi na biyu. Masanin kimiyyar Ingila Michael Faraday ne ya gano wannan ƙa'ida a 1831. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe a nan shi ne, tartsatsi yana tashi ne a lokacin da aka katse wutar, don haka duk wanda ke riƙe da lokacin katsewa, shi ke riƙe da lokacin tartsatsi.

A tsohon tsari kwantak ne ke katsewar. Ƙananan ƙarafa biyu ne masu fuskantar juna, ɗaya a kafe, ɗaya a kan hannu mai sifirin. A jikin sandar distibuta akwai ƙullutai daidai da yawan silinda, huɗu ke nan a injin Fijo. Duk ƙullutun da ya zo wucewa sai ya ture dunduniyar hannun, ƙarafan su rabu, wuta ta katse. Kwandensa tana haɗe a gefe don ta shanye wutar da ke neman tsallakawa tsakanin ƙarafan a lokacin rabuwarsu. In babu ita, kwantak zai ƙone nan da nan, tartsatsin fulogi kuma ya yi rauni. Wutar da koyil ya ninka tana bin waya mai kauri zuwa tsakiyar murfin distibuta, daga nan roto ya raba ta ga fulogai bi da bi. A injin 404 da 504 jerin shi ne 1-3-4-2.

Distibuta tana juyawa ne da rabin gudun inji. Injin silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana buƙatar tartsatsi 6,000 a minti, wato 100 a kowace daƙiƙa. Tafiyar awa ɗaya a wannan gudu, kwantak ya buɗe ya rufe sau 360,000.

Akwai kuma batun gaggauto tartsatsi. Fetur da iska ba sa ƙonewa nan take, don haka dole tartsatsi ya riga fistin isa ƙololuwa, kuma gwargwadon gudun inji gwargwadon yadda zai ƙara riga. Abubuwa biyu ke kula da wannan a cikin distibuta: wasu ƙarafa masu nauyi da ke buɗewa idan gudu ya ƙaru, sifirin na riƙe da su, da kuma wani ɗan gwangwani a gefe da siririn tiyo ya haɗa da kafireta, wanda ke jan farantin kwantak idan inji ba ya ɗauke da nauyi.

## Abin da ke damun kwantak

Kwantak yana lalacewa ta hanya biyu. Ta farko ƙonewa ce. Wutar amfiya 3 zuwa 4 ce ke ratsa shi, kuma duk da kwandensa, kowace rabuwa tana kwashe ɗan ƙarfe daga fuska ɗaya ta liƙa a ɗayar, har a ga rami a nan, tsiro a can. Ta biyu gogewar dunduniya ce. Yayin da take cinyewa a jikin ƙullutai, tazarar ƙarafan tana raguwa, buɗewarsu tana makara, tartsatsi ma ya makara. A 504 tazarar da ake so ita ce milimita 0.40, wadda ta yi daidai da kusurwar rufewa ta wajen digiri 57. Duk ƙarin digiri ɗaya a wannan kusurwa yana jinkirta tartsatsi da kimanin digiri ɗaya a juyin inji.

Direba ba ya lura da wannan a rana ɗaya. A hankali mota take ƙara shan mai, tana wuyar tashi da sanyin safiya, tana kasala a hawa. Shi ya sa ake son a riƙa duba kwantak bayan tafiyar kilomita 10,000 ko makamancin haka. A ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, tana cakuɗa da ɗan giris ɗin da ke kan ƙullutai ta zama kamar samfefa, ba a kai wannan nisa.

Akwai iyaka ta uku da ba ta da alaƙa da tsufa. Koyil yana buƙatar lokaci kafin ya cika. A juyi 3,000 a minti, digiri 57 na ba shi kimanin kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa; a juyi 5,000 bai kai kashi 4 ba. Tartsatsi yana raguwa ke nan a daidai lokacin da inji ya fi gudu, kuma a irin wannan gudu hannun kwantak kan yi tsalle maimakon ya rufe tsaf.

## Tarihi

Charles Kettering ne ya haɗa tsarin batir da koyil da kwantak a kamfanin Delco, wanda aka kafa a Dayton ta jihar Ohio a 1909. Motocin Cadillac suka fara amfani da shi a 1910, kuma ya yi sama da shekara 60 yana mulki. An ƙirƙiro tiransista a 1947, amma sai a shekarun 1960 ta fara shiga tsarin tartsatsin motoci: Pontiac ta ba da tsarin tiransista ga mai so a 1963, Fiat Dino ta zo da tsarin laturoni daga masana'anta a 1968. Chrysler ta fara sa shi a 1971, ta game dukkan motocinta a 1973, General Motors ta biyo baya a 1975. Dokokin rage hayaƙi na Amurka ne suka tilasta wannan gaggawa, domin injin da taimin ɗinsa ke zamewa yana fitar da ɗanyen mai, ɗanyen mai kuwa yana lalata matatar hayaƙin da aka fara sa wa motoci a 1975.

A Najeriya tsohon tsarin ya daɗe fiye da haka. An fito da 404 a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, masana'antarsa ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, kuma a zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo 504 ta zama motar jami'an gwamnati. An daina ƙera salun ɗin 504 a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Wannan ya bar ɗimbin injuna iri ɗaya a ƙasar, da makanikai da suka haddace su. Peugeot 505, wadda ta fito a 1979, ta gaji injin lita 2.0 na 504, kuma da yawa daga cikin samfuranta na shekarun 1980 sun zo da distibutar maganaɗisu maras kwantak. Daga 406 kuwa babu distibuta sam, kwamfutar inji ce ke ba koyil umarni kai tsaye.

## Hanyoyin yin sauyin

Hanya mafi sauƙi ita ce a bar distibutar asali, a cire kwantak, a ɗaura sensa da modul a gurbinsa. Kamfanoni irin su Pertronix na Amurka da Lumenition na Ingila sun yi suna da irin waɗannan kaya. Ana zaɓen su ne bisa lambar da ke jikin distibutar, domin Peugeot ta sayi distibuta daga kamfanoni daban-daban, kamar Ducellier da SEV Marchal da Paris-Rhône da Bosch, kuma farantansu ba iri ɗaya ba ne. Faɗa wa mai shago "ta 504" kawai bai isa ba.

Hanya ta biyu ita ce a nemo cikakkiyar distibuta maras kwantak daga wata mota ta baya mai dangin injin, tare da modul ɗinta da koyil ɗinta. Wannan ta fi dacewa da inda kasuwar tsofaffin kayan gyara take da ƙarfi, kamar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Sai dai shigar distibuta cikin ramin inji ba ya nuna cewa ta dace. Ƙarafan nauyi da sifirin ɗinta an auna su ne don injin da ta fito, kuma na lita 1.8 ba lallai ya yi daidai da na lita 2.0 ba.

Hanya ta uku sabuwar distibuta ce wadda har gaggauto tartsatsin ma laturoni ke yi, irin ta 123ignition ta ƙasar Holan. Ita ce mafi daidaito, ita ce kuma mafi tsada, ba kasafai motar haya ke mayar da kuɗinta ba. Akwai kuma rabin sauyi, inda ake barin kwantak ya riƙa ba tiransista ishara kawai. Ƙonewa takan tsaya, amma dunduniya tana ci gaba da gogewa.

Sensa iri uku ce. Ta maganaɗisu tana da wani ƙarfe mai haƙora da ke juyawa kusa da ɗan naɗin waya, duk haƙorin da ya wuce sai ya haifar da ƴar wuta. Ba ta tsoron ƙura ko zafi, amma ishararta tana da rauni idan inji na juyawa a hankali, kuma idan aka juya wayoyinta biyu mota za ta iya tashi, taimin kuwa ya karkace. Ta biyu ana kiranta sensar Hall, da sunan Edwin Hall wanda ya gano ƙa'idarta a 1879. Zobe ne mai ƙananan maganaɗisu ake zurawa a kan ƙullutai, sensa tana jin wucewarsu ko da juyin a hankali ne. Irinta ce a distibutar Golf 2, don haka makanikan arewa ba baƙinta ba ne. Ta uku ta haske ce: wani faifai mai fukafukai yana gitta tsakanin ƴar fitila da idon da ke kallonta. Tana da daidaito sosai, amma ƙura da tururin mai suna iya rufe idon, abin da ya sa ba ita ce ta fi dacewa da hanyoyin burji ba.

## Yadda ake yi

Kafin a sayi komai, ana fara duba distibutar kanta. A kama sandar a girgiza ta. Idan tana lilo, bushin ya ci. A murɗa roto da hannu, ya kamata ya ɗan tafi ya dawo da kansa. In ya ƙi, ƙarafan nauyi sun cije. A zuƙi tiyon gwangwanin, ya kamata faranti ya motsa ya tsaya. Distibutar da ta faɗi waɗannan gwaje-gwaje gyara take buƙata tukuna.

Daga nan sai a cire kan batir, a juya inji har alamar taimin ta daidaita, a yi wa inda roto ke kallo alama. A kwance kwantak da kwandensa, a goge faranti, a ɗaura modul, a zura zoben maganaɗisu har ya zauna, a daidaita tazarar da kamfanin ya faɗa da ma'aunin roba ko na tagulla, domin na ƙarfe yana mannewa. A cikin distibuta akwai wata ƴar waya saƙaƙƙiya da ke haɗa faranti da gangar jiki. Sau da yawa ana ɗaukar ta ba komai ba, alhali ta nan wutar modul ke komawa. A bar wa wayoyi ɗan sassauci don faranti ya iya motsi, a kuma tabbatar ba sa taɓa sanda.

Yawancin ƙananan modul waya biyu gare su. Ja tana zuwa ƙafar koyil mai alamar +, inda wutar makulli ke shigowa, baƙa kuma tana zuwa mai alamar −. Juya su sau ɗaya ya isa ya kashe modul. Tsofaffin motocin Ingila, kamar Land Rover na kafin 1967, ƙafar + ta batir ce ke haɗe da jikin mota, don haka suna buƙatar modul na musamman.

### Koyil

A nan aka fi yin kuskure. Koyil na kwantak yana da turjiyar wajen om 3 a naɗinsa na farko, wanda ke ba wutar amfiya 4 damar wucewa daga bolt 12. Wasu motocin suna da koyil mai om 1.5 tare da resista mai cike sauran. Koyil na motocin da suka zo da laturoni daga masana'anta kuwa bai kai om 1 ba, domin modul ɗinsu yana iyakance wutar da kansa. Idan aka haɗa koyil mai om 0.7 da ƙaramin modul da ba ya iyakance wuta, amfiya 17 ne za su nemi ratsa shi, ya ƙone. Koyil biyun suna iya kama da juna a ido, mita ce kaɗai ke raba su. Modul ɗin Pertronix na asali, alal misali, yana buƙatar aƙalla om 3 a injin silinda huɗu. Idan motar tana da resista, jar wayar modul tana ɗaukar wuta ne daga gabanta, inda bolt 12 yake cikakke.

### Taimin

Sensa ba ta zama a daidai inda kwantak yake buɗewa, don haka dole a sake taimin. Ana amfani da fitilar taimin mai walƙiya, inji yana aiki, an cire tiyon gwangwanin an toshe. Digirin da ake so ya bambanta daga inji zuwa inji, yana cikin littafin motar. Peugeot takan fara ƙidayar silinda daga ɓangaren kuloci, saɓanin yawancin motocin Jamus da Japan, amma wannan ba ya ɓata aikin fitila, tun da fistin na 1 da na 4 tare suke isa ƙololuwa. Idan tartsatsi ya cika gaggawa, za a ji ƙara kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin hawa, sitata kuma tana yin nauyi. Idan ya makara, mota tana kasala, tana zafi, tana shan mai. Gyara taimin da kunne, wanda aka saba a gareji da yawa, yana iya sa inji ya yi daɗin sauti a tsaye amma ya cutu a kan hanya.

## Amfaninsa da iyakarsa

Babban amfanin sauyin shi ne taimin ya zauna inda aka sa shi. Mota takan fi saurin tashi, silo ya daidaita, fulogai su daɗe ba su yi baƙi ba, zuwa gareji don gyaran kwantak ya ƙare. Ana iya ɗan buɗe bakin fulogi daga milimita 0.6 zuwa 0.7 ko 0.8 idan koyil da wayoyi suna da lafiya.

Masu talla kan yi alƙawarin ƙarin ƙarfi da ragin mai mai yawa. Idan aka gwada da kwantak sabo da aka daidaita da kyau, bambancin kaɗan ne. Abin da direba ke ji bayan sauyin galibi ƙarfin da motar ta rasa ne a hankali ya dawo. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin kwanaki. Amma modul ba ya gyara kafireta mai ambaliya, ko bawul da ya ƙone, ko roto da murfin da suka tsage.

## A hanyar Katsina zuwa Maraɗi

Babbar hanyar A9 ta taso daga Kano ta ratsa Katsina ta kai Jibiya, ta tsallaka iyaka ta wajen Magama, ta bi ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Farfaru ɗaya ce daga mazaɓun ƙaramar hukumar Jibiya. Sana'ar tuƙi a wannan yanki tana tashi tana faɗuwa da iyakar: an rufe ta a watan Agusta 2019, ba a buɗe mashigar Jibiya ba sai Afrilu 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Golf da Sharan da makamantansu sun karɓe yawancin jigilar fasinja, Fijon da suka rage sun fi ɗaukar kaya da shiga ƙauyuka, musamman ranar Lahadi da kasuwar Jibiya ke ci.

Ga irin waɗannan motoci, tambayar ba ta tsaya kan wane tsari ya fi kyau ba, har da yadda kowanne yake mutuwa. Kwantak yana ba da sanarwa: mota ta yi ta tari kwana da kwanaki, kuma ko ta tsaya, direba zai goge ƙarafan da samfefa, ya daidaita tazarar da ɗan kwali, ya ƙarasa gida. Modul ba ya gargaɗi, kuma ba a gyara shi, sai dai a canza. A yankin da ya sha fama da hare-haren ƴan bindiga, tsayuwar mota a daji da magariba ta wuce batun ɓata lokaci. Wannan rashin yarda da abin da ba a iya buɗewa a gyara shi ne ya sa ake ganin akasin wannan sauyi a garejin Najeriya, inda ake cire wa mota injekta a sa mata kafireta.

Sai dai yawancin mutuwar modul tana da dalili, kuma dalilan sanannu ne. Barin makulli a kunne inji ba ya aiki, don jin rediyo ko cajin waya a tasha, yana iya barin wuta tana kwarara ta koyil da modul har su gasu. Cire kan batir inji yana aiki, wanda ake yi don gwada altaneta ko don a ta da wata mota da batir ɗin, yana sakin wuta mai hauhawa da tiransista ba ta jurewa. Haka walda a jikin mota ba tare da an cire batir da wayoyin modul ba, da cire wayar fulogi a riƙe ta nesa da ƙarfe don ganin tartsatsi, wanda kuma yana da hatsari ga mai riƙon. Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin bonet ya ninka damuwar. Modul na waje yana buƙatar a ɗaura shi a kan farantin alminiyam, da man da ke isar da zafi a tsakaninsu, nesa da bututun hayaƙi.

Mai ma yana shiga lissafi. A Nuwamba 2019 hukumar kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya ƙara tura direbobin Jibiya wurin ƴan bumburutu. Man galan ba shi da tabbas, wani da ruwa, wani da gauraye. Motar da ke shan irinsa gara a bar taimin ɗinta a kan abin da littafi ya ce, kada a ƙara gaggauto shi don neman ƙarfi. Sau da yawa kuma datti ne a kafireta ake ɗora wa modul laifinsa.

Ana iya rarrabewa da ƙwan gwaji na bolt 12. A haɗa shi tsakanin ƙafar koyil mai alamar − da jikin mota, a murɗa sitata. Idan yana ƙyaftawa, modul yana aiki, sai a nemi matsalar a koyil ko roto ko mai. Idan ya tsaya a kunne, modul ko sensa ba sa aiki. Idan bai kama ba sam, ko dai wuta ba ta zuwa daga makulli, ko modul ya ƙone ya haɗe da jikin mota.

Saboda haka ne ake ajiye tsohon kwantak da kwandensa da sukurorinsu a cikin mota, kuma ba a yanke ko huda farantin asali lokacin sauyi. Mayar da su aikin sukudireba ne da ƙwan gwajin nan. A 404 da 504 na farko-farko akwai rami a gidan kuloci da ake zura sanda mai kaurin milimita 8, a juya inji a hankali har ta faɗa gurbinta. A nan ne ake murɗa distibuta har ƙwan ya kama, a ɗaure ta, a zare sandar kafin a taɓa sitata.